Geron da Kika Ce Ba a Ci

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mairo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Ni ce Hadiza, babbarki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, na kuma san masu karanta wannan a wayoyinsu ba su san ki ba. Su yi haƙuri su zauna daga gefe, da ke nake magana.

Muna nan Ƙofar Kwaya, a gidan hayar da kika bar mu. Yara lafiya, maigidana yana gaishe ki da addu'a. Autanki Lawal ma lafiya, yana nan a ɗakin zaure, kuma a kansa ne na rubuto miki.

Kin tuna rediyon Baba, wadda aka ɗaure bayanta da roba? In ya kamo labaran duniya kina tsaye kan turmi, sai ki ce, "Mi ya haɗa ni da faɗan mutanen da ko sunan garinsu ban iya faɗi?" Mu yi ta dariya. To Inna, faɗan nan ya tako da ƙafarsa har madafinmu.

Da fari wasu ƙasashe biyu ne can ƙasar sanyi suka kaure da yaƙi, ashe daga wajensu alkama da takin zamani ke fitowa. Fulawa ta yi tashin gwauron zabo, har na kife kaskon fanken da nake sayarwa a bakin makaranta. Ba mu gama wannan ba aka ce masu ba ƙasashe rance sun ba da shawara a janye tallafin mai, a saki naira ta nemi darajarta da kanta. Ke kika sha faɗa mana cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai a nan wasu ne suka ci ladan, mu aka miƙa wa askar.

Lawal a lokacin yana kai kaya Jibiya a babur, yana samun na rufin asiri. Sai shugabanni suka yi fushi da juna aka garƙame iyaka, kamar Maraɗi ba gidan kawunnanmu ba ne. Ko da aka ce an buɗe, cinikin bai dawo yadda yake ba. Ya koma kabu-kabu a cikin gari, mai ya cinye wahalarsa, daga ƙarshe ya sayar da babur ɗin.

Da za ki shiga Babbar Kasuwa yau da ba ki gane ta ba. Mai hatsi sai ya duba farashin dala a waya kafin ya kwance bakin buhu, geron da aka noma a bayan gari. In hatsi ya hau mu koka, in an shigo da na waje ya faɗi manomi ya koka, don taki bai sauko tare da shi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutane sun daina ciniki. A tambaya, a ji, a juya shiru. Yanzu kuma rediyo na cewa manyan ƙasashe suna ta lafta wa kayan juna haraji, masu kawo agaji suna naɗe tabarmarsu. Ban san ta wace ƙofa wannan zai shigo mana ba, na dai san zai shigo.

Shi ne Lawal ya ce zai koma gona.

Gonarmu ta ƙauye, Inna, inda 'yan bindiga suka koro mu. Kin san Sani na gidan liman. Daminar bara ya koma shuka, har yau matarsa ba ta san ko takaba za ta shiga ko jira za ta yi ba. Na faɗa wa Lawal wannan, maigidana ya faɗa masa. Amsarsa ɗaya ce, wai ya gaji da miƙa hannu yana karɓar kwanon tuwo daga gidan yayarsa, gara abin da zai same shi ya same shi da fartanya a hannu. Kin san taurin kansa, ba daga nesa ya ɗauko ba.

Kuma duk shirinsa a kan tulunki ya ɗora shi.

Ranar da muka gudo, kin bar kwanukan jerenki, kin bar akwatin zannuwanki, kika ɗauko tulun irin nan a ka. Geron da kika gada wurin kakarmu, kika cuɗe da toka don ƙwari, kika liƙe bakinsa da laka. A mota kan cinyarki ya zauna. Shekarar da muka fi shan wuya a garin nan na taɓa kallon tulun, kika kama ni ina kallo, kika ce, "Ɗiyata, ko yunwa za ta kashe ku ba a cin iri. Wanda ya ci iri, gobenshi ya ci." Da ciwo ya kwantar da ke, ni kika sa na tura shi ƙarƙashin gadona.

Lawal ya san geronki ba ya neman takin zamani, kashin awaki ya ishe shi. Irin kasuwa kuwa in ba taki sai ya tsaya yana kallon mutum, takin kuma ya fi ƙarfinsa. Tun da zafi ya tsananta yake tambayata tulun. Yau in ce sai maigida ya dawo, gobe in ce kaina ke ciwo. Shekaranjiya hadari ya haɗu ta gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa, na ga ya fito da fartanyar Baba yana gwada ƙotarta.

Jiya da hantsi, bayan ya fita, na jawo tulun. Na fasa lakar da kika shafa, har da sawun yatsunki a jiki. Na bakace tokar, na surfa, na wanke, na kai inji da kaina. Ina tafe ina jin muryarki, amma ban tsaya ba. Na ce a raina in babu iri babu shuka, in babu shuka ƙanena zai kwana a ɗakin zaure.

Na tuƙa tuwo da miyar kuka, na kai masa. Lomar farko ya tsaya. Duk wankin da na yi, ɗanɗanon tokar nan bai fita ba, kuma geronki ba ya ɓuya a bakin wanda ya tashi da shi. Ya ɗago ya dube ni. Na so ya yi faɗa, na so ya ture kwanon. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya cinye tas, a hankali, har ya suɗe kwanon, sannan ya wanke hannu ya yi hamdala.

Na ɗauka na ci nasara, Inna.

Yau da safe na ji ƙarar dutse a zaure, yana wasa fartanya. Ya shaida wa maigidana cewa zai nemo iri a kasuwa, da taki ko babu taki, ruwan farko na sauka zai tafi. Ke nan zai je inda Sani ya je, ya shuka abin da ba lallai ya yi ba, wanda zai yi ɗin kuwa na tuƙe shi. Ina jin tsoro, Innata. Tun rasuwarki ban ji irin wannan tsoron ba, kuma babu cinyar da zan ɗora kaina. Yanzu haka da nake rubutun nan gabas ta yi baƙi ƙirin, ni da aka haifa a gidan manoma ina zaune ina fargabar ruwan sama.

Allah shi jiƙan ki, shi haskaka kabarinki, shi haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah shi sanyaya zukatan masu juya duniyar nan, ko shi kare mu daga shawararsu. Allah shi kai Lawal lafiya, shi dawo mana da shi da ƙafafunsa. Ki yafe mani, Inna. Tulun yana nan, na wanke na kife shi a inda kika ce in ajiye.

Taki har kullum,
Hadiza, wadda ta ci iri.