Kogin da Ke Cikin Teku

Laraba, 12 ga Agusta, 1987

Yau ma hadari ya haɗu ta wajen dutsen Kufena, iska ta watsa shi. Dawar Baba ta fara naɗe ganye.

Yaya Bello ya shigo gari bayan la'asar. Tun da ya dawo daga karatun yanayi a Turai bai cika magana ba, amma yau a zaure Baba ya tambaye shi abin da ke riƙe ruwa. Ya ce akwai wani kogi a cikin teku da ke kai ɗumi arewacin duniya, malaminsu yana ta gargaɗin zai iya raunana. In ya raunana, daminarmu za ta janye kudu.

"Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, Bello?" in ji Baba.

"Hadarinmu daga can yake tasowa, Baba."

Baba ya ce ruwa na Allah ne, ya tashi alwala.

Da na raka Yaya bakin hanya, na gaya masa na yi wa Baba alkawarin barin aikina a sakatariya in karɓi gonarsa baɗi. Ya ce, "Sani, riƙe aikinka. Kada ka ɗora yaranka kan gonar nan."

Na so ya yi mini ƙarya ko ƙarama ce. Bai iya ba.

Baba ya ce gobe da asuba mu je gona maimai, noma na biyu. Zan ɗauki fartanya in bi shi, ba ni da bakin da zan gaya masa shawarar da Yaya ya ba ni.