Na Ga Kuskuren Malami, Na Ce Daidai Ne

Gwaggo, ki taimake ni, don Allah. Kwana biyu kacal na yi a jami'ar da na zo karatu a ƙasar waje, amma har na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa, kuma ranar Juma'a ƙofar sauya aji za ta rufe.

Ni ce autar gidanmu. Babanmu malamin lissafi ne, shekara talatin yana riƙe da alli, shi ya sa na zo karanta injiniyan gine-gine. Ba yabon kai ba, lissafi a jinina yake. Amma a gidanmu babba ba ya kuskure a gaban mutane. Ko Baba ya kira Talata Laraba, sai ka bari baƙi sun tashi, ka raɓa ka faɗa masa a hankali. Haka na tashi.

Ranar farko na ɓata sau biyu a cikin bene ɗaya, na yi ta dungurar ƙofar da kati ke buɗewa kamar akuya. Duk da haka na riga kowa shiga aji, na zauna a layin gaba. Sai ga wani dattijo da hular keke a hammata, na ɗauka masinja ne, ashe shi ne malamin. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya cika allo da lissafi, ya juyo yana tambaya ko akwai mai magana. Gwaggo, wallahi tun bai ajiye alƙalami ba na ga ya sauya alamar ragi ta koma ta ƙari a layi na uku. Har na rubuta gyaran a gefen littafina. Da ya nuna ni, sai na miƙe tsaye, ni kaɗai a ajin nan, na sunkuyar da kai na ce masa daidai ne. Ya sake tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ta yaya zan kunyata sa'an ubana a gaban mutum sittin?

Wani saurayi can baya, yana taunar cingam, ko gyara zama bai yi ba ya faɗi kuskuren. Malamin ya tafa masa! Ashe da gangan yake yi duk shekara, yana bin ɗalibai da tambaya ɗaya bayan ɗaya don ya san inda zai ajiye kowa. Da yamma saƙo ya shigo wayata: an sa ni ajin share fage, na masu rauni a lissafi. Zango guda ke nan zan zauna ina maimaita abin da nake koya wa 'ya'yan yayyena, abokan shigowata su wuce ni.

Ban tsani wurin ba fa. Ɗakin karatunsu hawa huɗu ne, tagar ɗakina na kallon wata bishiya, abokiyar ɗakina ta ba ni bargo tun ba ta iya kiran sunana ba. Ina son zaman nan, shi ya sa abin ke ci na. Baba ya kira, na ce masa komai lafiya. In je in ce wa malamin na yi masa ƙarya? Ko in haɗiye, in yi zangon nan shiru?

Autar malamin lissafi

'Yata, share hawayenki. Na yi dariyar masinjan nan har na ƙware, amma matsalarki mai magani ce.

Tarbiyyarki ba laifi ba ce. Wanda ya koya miki rufa wa babba asiri ya ba ki abin da ba a sayarwa a kasuwa, kada ranar farko ta sa ki raina shi. Shi ma malamin bai zalunce ki ba. Ya tambaya sau biyu, sau biyu kika ba shi amsar da ba ita ce a ranki ba, shi kuwa bai san gaibu ba. Baƙo ko da ido makaho ne: kin ga kuskuren allo, ba ki ga cewa a ajin nan gyara malami shi ne girmama shi ba.

Kada ki jira Juma'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe da safe ki nemi lokacin da yake ganin ɗalibai a ofis, ki tafi da littafin nan da gyaranki a gefe. Ki lura, wannan ita ce hanyar gidanku: baƙi sun tashi, daga ke sai shi. Ki faɗa masa a taƙaice cewa kin gani, kunya ta hana ki. Kada ki roƙe shi ya yarda da bakinki, ki roƙe shi ya ba ki wani lissafin ki warware a gabansa. Ki ɗaga kai ki dube shi. Na fi zaton zai mayar da ke. In kuma ya ƙi, zango guda ba ya kashe mutum, kuma daga ranar ya san ki.

Babanki ma ki kira shi ki faɗa masa gaskiya. Malami ne, zai fahimta fiye da yadda kike tsoro.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta miki ba. Injiniya kika je zama. Wata rana wani babba mai furfura zai miƙo miki zanen gada da kuskure a ciki, kuma ba da gangan ba. Mutanen da za su bi ta kanta ba su san kunyarki ba, bakinki kawai suke da shi. Gobe ki fara koya masa buɗewa.

Allah Ya ba ki sa'a, 'yata, Ya sa ki dawo gida da abin da kika je nema.

Gwaggonki