Buntun Shinkafar Garinmu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025
Ƙafa ta kumbura, tari kuma bai sake ni ba. Haisam, jikan abokina, injiniya ne yanzu. Ya kira ya ce Alhamis ta sama zai tafi can gida da wata ƙungiya mai sa wa ƙauyuka wuta, zai biyo ta unguwarmu Mount Hope, nan ƙasar waje, kafin jirginsa ya tashi. “In sha Allahu, Baba, har shayi zan sha.”

Laraba, 5 ga Fabrairu
Suweiba ƙanwata ta aiko saƙon murya. Allurar sukarinta ta sake lalacewa, firjin asibitin garin ba wuta, man janareto ya gagare su. Ga buntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan gari, ana cinna masa wuta a banza. Ƙuruciyata duka a gaban tukunyar tururi ta masaƙa ta ƙare, a Kaduna. Buntu zai tafasa ruwa, tururi ya juya inji, wuta ta zo. Sai dai a shanya shi ya bushe sarai, kada a zafafa wutar, in ba haka ba tokar ta narke ta toshe murhun. Wannan ba ya faɗuwa a waya, sai na nuna wa Haisam da hannu.

Jumma’a, 7 ga Fabrairu
Ban je masallaci ba. Ƙanƙara.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Na ƙona tafin hannu ɗaya na buntun da Suweiba ta cusa mini a matashin kai, don in nuna wa Haisam tokar. Alam ɗin gobara ya ɗauki kuka. Fusena, ’yar Ghana mai kula da ni, ta shigo da gudu tana kora hayaƙi da gyale. “Baba, building za ka ƙone? Landlord zai kore mu duka!” Da ta huce ta murza tokar a yatsa, ta ce a Tamale ma haka suke da shi, wanta yana da injin casa. Na kau da zancen. Aikin nan na garinmu ne.

Talata, 11 ga Fabrairu
Na kira Haisam, ba a ɗauka ba. Yaro ne, hidima ta yi masa yawa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Numfashi da ƙyar. Na sa babbar riga tun safe, na zauna ta taga. Da la’asar Fusena ta zo da kunu, ta ce in yi mata zancen buntun tun daga shanya, ta kunna wayarta tana ɗauka don wanta. Na yi mata bayani har kan toka. Hira ce kawai, don lokaci ya wuce.
Ban san me zan ce wa Suweiba ba.
Haisam bai zo ba.