Ta Ina Ake Bi Zuwa Kumasi?

Litinin, 4 ga Agusta, 2003

Kaset ya iso daga Kumasi. Wani mai fataucin goro ne ya kawo shi har gidan Baba a unguwar Ali Kazaure, nan Jos, ƙunshe cikin leda. Muryar Gwaggo Ummusalma ce, yayar Baba, wadda ban taɓa gani ba ko a hoto. Ba ta ja magana ba. Ta gaishe da kowa, ta yi tari, sannan ta ce, "Fatahu, jikin ya ƙi. In kana son ka same ni, ka zo." Baba ya saurara sau ɗaya, ya zare kaset ɗin ya jefa aljihu, ya tambaya ko shayi ya tafasa.

Shekara talatin da huɗu rabonsu da juna. Na ce tafiya ta kama mu. Lukuman ƙanena yana da Fijo, ni kuma ina hutu har 15 ga Satumba, baban yara ya ce in je zai ji da gida. Tunda ni ce malamar labarin ƙasa, tsara hanya ya faɗo kaina. Abu mai sauƙi.

Laraba, 6 ga Agusta

Wa ya ce mai sauƙi ne?

Na aro taswira daga makaranta na shimfiɗa a tabarma. Shekara tara ina nuna wa yara Gana da tsinin sanda, ashe ban san ta inda ake shigarta ba. Hanya uku na gani. Ta kudu: Lakwaja, Legas, Seme, Kwatano, Lome, Akra. Ta arewa: Sakkwato, Yamai, Wagadugu, a gangaro ta Tamale. Sai ta tsakiya, tsohuwar hanyar fatake, ta Parakou da Kara, wadda a taswirata rabinta ɗigo-ɗigo ne kawai.

Na ce wa Baba ta kudu za mu bi. Ya ce a'a, hanyar Ikko, wato Legas, duk tolget ce, shi ba zai biya kuɗi don ya taka ƙasar Allah ba. Na ce ai ba daga aljihunsa za a biya ba. Ya ce in dai je in tambayi waɗanda suka sani.

Asabar, 9 ga Agusta

Na je shagon Oga Romanus mai kayan gyaran mota, shi ne ke yawan zuwa Kwatano. Ya ce, "Malama Kubra, hanya na Legas shi ne hanya. Kwalta har Gana. Tolget kawai, ka biya ka wuce." Na tambaye shi guda nawa ne. Ya ce shida. Ya yi tunani ya ce tara. Matarsa Ulonma daga cikin shago ta ce ƙarya yake, barci yake yi a mota.

Kafin in iso gida an riga ni da buhun dankalin turawa. Wai na ƙaninsa Hyginus ne a Kwatano, tunda ta nan za mu wuce. To, mutum ya ba ka shawara, ka ce ba za ka ɗaukar masa saƙo ba?

Talata, 12 ga Agusta

Ruwa tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. An yi mana allurar rigakafin cutar shawara, an ba mu katin nan mai ruwan ɗorawa. Fasfon Baba ya fito. Ya kalli hotonsa ya ce wannan ba shi ba ne.

Alhamis, 14 ga Agusta

Baba ya kafe a kan maganar tolget, na gaji na ce shi ke nan, mu bi ta arewa. Ko awa biyu ba a yi ba sai ga Hajiya Nana ta gidan gaba da ƙunshin zannuwa da kwalaben turaren wuta na 'yarta da ke aure a Yamai. Ta rantse hanyar Nijar ta fi kwanciyar hankali. Na tambaye ta ko ta taɓa bi. Ta ce a'a, amma ta ji labari.

Yanzu dankali yana son kudu, turare yana son arewa. Ni kuma kaina ya ɗaure.

Juma'a, 15 ga Agusta

Baba ya ce ya tuna, ƙasashen Faransa sun fi kowa karɓar kuɗin hanya, kowane gari da igiyarsa a tsakiyar titi. Haba Baba! Ba kai ka ƙi kudu ba? Ya ce ya dai faɗa ne.

Litinin, 18 ga Agusta

Yau ya kamata mu tashi. Ba mu tashi ba.

Lukuman ya kai mota garejin Pam a duba ta. Pam ya ce, "Mota yana lafiya, amma kar ku kai shi laka." Wato hanyar tsakiya ta fita ke nan, na ce alhamdu lillahi, saura biyu. Ina dawowa na tarar da kwali biyu na littattafai a zaure. Na liman ne, za a kai wa wani almajirinsa da ke karantarwa a Parakou. Parakou fa, a kan hanyar da na soke da safe! Baba ne ya karɓa. Wai ba a mai da hannun malami.

Lukuman ya ce, "Yaya Kubra, ki faɗa mini dama ko hagu kawai, ni direba ne." Kamar in kwaɗa masa taswirar.

Laraba, 20 ga Agusta

Na zauna da zare da rula ina neman hanyar da za ta taɓa Yamai da Parakou da Kwatano gaba ɗaya. Akwai ta. Kwana takwas, iyaka huɗu, tolget kuwa sai wanda ya gani. Sefa iri ɗaya ce a duk ƙasashen ko kowa da tasa? Na tambayi mutum uku, na samu amsa huɗu.

Me ya sa ma na ɗora wa kaina wannan? Matar da ban sani ba. Astagfirullah, na dai rubuta.

Lahadi, 24 ga Agusta

Zaure ya cika. Acca, kilishi, keken ɗinki na hannu, wani agogon bango. Wasu masu saƙon ko sunansu ban sani ba. Dankalin Oga Romanus ya fara tsiro.

Talata, 26 ga Agusta

Na je wurin buga waya na kira lambar da ke jikin kaset ɗin. Jikan Gwaggo ne ya ɗauka, Hausarsa wata iri, amma mun fahimci juna. Ya ce ta rage cin abinci, kunu ma sai an matsa mata. Kullum in ta ji mota ta tsaya a ƙofa sai ta ce a leƙa. Ya tambaye ni yaushe. Na ce muna nan tafe. Ya ce haka za a gaya mata? Na ce e.

Na faɗa wa Baba kalma da kalma. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ci gaba da jan carbi. Ban gane mutumin nan ba. Wallahi ban gane shi ba.

Asabar, 30 ga Agusta

Da walakin, goro a miya.

Wata mata ta zo daga Rikkos da kwandon tukwane, wai na Wagadugu. Na ce mata, "Baiwar Allah, wa ya gaya miki muna tafiya?" Ta ce ai tsohon ne da kansa ya zo unguwarsu jiya a kan acaba, gida-gida, yana tambaya ko akwai mai saƙo ƙasar waje. Baba! Baban da masallacin ƙofar gida ma sai ya huta sau biyu kafin ya kai.

Na karɓi tukwanen don ban san abin da zan yi ba. Na zauna a kan buhun dankali na daɗe. Duk makonnin nan ina zagin taswira, ashe an bar jaki ana dukan taiki.

Lahadi, 31 ga Agusta

Na same shi bayan la'asar. Ban taɓa yi wa Baba magana a tsaye ba sai yau. Na ce, "Baba, in ba ka son zuwa ka faɗa mini, in daina wahalar da kaina. Tolget ce matsalarka ko kuwa?"

Sai ya ce in zauna.

Ga abin da na riƙe daga labarin da ya ba ni. Shekarar da gwamnatin Gana ta kori baƙi, mako biyu aka ba su. Ya samu wuri ɗaya a bayan wata babbar mota. Iya, mahaifiyarsu, tana kwance ba ta iya tafiya, Gwaggo kuma tana auren ɗan ƙasa, ita ba a kore ta ba. Ya ce mata ta riƙe Iya, da ya samu wurin zama zai dawo ya ɗauke ta. Ya zo Jos wurin kawunsa mai aikin kuza, ya samu wuri, ya samu aiki, ya auri Innarmu. Sai gobe, sai jibi, har labarin rasuwar Iya ya same shi. Ko ta'aziyya bai je ba. Gwaggo ta aiko wasiƙa sau uku, bai amsa ko ɗaya ba.

"Ita kaɗai ta yi jinya, ita kaɗai ta zauna makoki. In na shiga ɗakin nan, Kubra, da wane bakin zan gaishe ta?"

Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanne ya fi. Na ce masa kawai ranar Litinin ta sama za mu tashi, ta Legas. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Kwana uku ina mai da saƙon mutane. In na ɗauki na wani na bar na wani magana ce, don haka duka na mayar. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. A garin nan matafiyi ba ya ƙin saƙo, balle ya karɓa ya kwana da shi mako uku sannan ya dawo da shi.

Hajiya Nana ta karɓi turarenta ba ta ko ce in zauna ba. Ta ce, "Ai shi ke nan, boko ya yi rana." Liman ya ce ba komai, irin ba komai ɗin nan da ke da komai. Oga Romanus ya buɗe buhunsa ya toshe hanci, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ulonma ce ta biyo ni waje ta ce, "Malama, kai tsoho ya ga 'yar'uwansa. Dankali yana nan kullum."

Agogon bangon har yanzu ban gano mai shi ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Mun tashi bayan asuba. Mota wayam, daga mu sai jaka uku. Baba a gaba, yana jan carbi har Lakwaja.

Talata, 9 ga Satumba

Seme. Awa huɗu. Kowane tebur da tambarinsa, kowane tambari da mai shi. An tambayi wata takardar mota da ban taɓa jin sunanta ba, Lukuman ya zaro ta daga ƙarƙashin kujera kamar ba komai. Ashe tun watan jiya Pam ya sa shi ya yi ta. Ni da na cika littafi da tsare-tsare ban san da ita ba.

Na daina ƙirga tolget tun kafin Ibadan.

Laraba, 10 ga Satumba

A layin tolget na shiga Akra Baba ya dafa hannun Lukuman ya ce ya juya, ƙirjinsa na ciwo, a mai da shi gida. Lukuman ya waigo yana kallona. Motoci na ta hon a bayanmu. Ni ma ban san ko da gaske ciwon yake ba, in kuma da gaske ne fa? Na miƙa hannu ta tagar baya na ba mai karɓa kuɗin da kaina, na ce, "Lukuman, wuce." Muryata ce, amma kamar ba ni ba.

Baba bai sake yi mini magana ba yau. Abincin da na sayo ma Lukuman ne ya ba shi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kumasi. Zango. Lungu ya fi na Ali Kazaure matsi, mota ba ta shiga, da ƙafa muka ƙarasa ina riƙe da gwiwar hannunsa.

Tana zaune an jingina ta da matashi, 'yar ƙarama, ba ta kai yadda na zata ba. Hancin Baba sak. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa yin sallama. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Ka tsufa, Fatahu. Wa ya ba ka izinin tsufa ban gani ba?"

Sai Baba ya durƙusa. Tunda nake ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a sallah. Ya ce, "Yaya, ni ne na..." Ta daka masa tsawa, wai ya rufe mata baki, ba ta da numfashin ɓatawa a kan tsohon zance, ya matso ta ga haƙoransa ko saura nawa. Ya matsa da rarrafe. Ta kama kunnensa ta riƙe, ba ta ja ba, riƙewa kawai ta yi. Na fita tsakar gida. Hayaƙin murhunsu yana da shiga ido.

Da aka kawo kunu ta ce ba ta sha sai ya sha. Suka sha a kwano ɗaya, tana yi masa faɗan yana zubarwa a riga. Jikanta ya ce rabonta da shanye ludayi uku tun watan jiya.

Juma'a, 12 ga Satumba

In har zan kama makaranta ranar Litinin, yau da sassafe ya kamata mu juya. Shekara tara ban taɓa makara ba, ni ce ma mai tsayawa a bakin ƙofa da bulala.

Gwaggo ta sa na tsefe mata kai. Ta ce hannuna da nauyi, kuma an gaya mata ni ce na yi wa ubana tsawa a kan titi. Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Da kyau."

Na aiki Lukuman ya buga wa hedimasta waya ya ce mota ta lalace, sai an nemo kayan gyara, ba mu san ranar dawowa ba.

Motar lafiyarta lau.