Kawu Ya Sa Ni Neman Ɓarawon Tambarinsa, Alhali Ni Ce

Anti mai shawara, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ba ni da wanda zan iya buɗe wa cikina. Ko mijina bai san abin da zan faɗa miki ba. Kwana tara ke nan, waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi.

Ni mai zane ce, irin zanen kwamfuta: tambarin kamfani, takardar da ake liƙa wa kwalba, kwalin kaya, allon shago. Shekarata goma sha huɗu a sana'ar. Ina da ɗan ofis a saman wani shagon taya, ɗaki ɗaya, tebur biyu da fanka mai kuka. Ba yabon kai ba, a da sai mutum ya jira sati biyu kafin in karɓi aikinsa. Babban abokin cinikina kuwa Kawuna ne, yayan mahaifiyata, mai ƙaramar masana'antar sabulu da man shafawa. Shi ya saya mini kwamfutata ta farko bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun daga lokacin duk takardar da ke jikin kayansa ni na zana ta.

Sai ga wannan abu na gasar zane a intanet ya shigo. Ko da ba ki san shi ba, ga yadda yake: mai kaya zai shiga wani shafi ya rubuta abin da yake so, ya ajiye ɗan kuɗi, sai masu zane ɗari biyu ko uku daga ko'ina su yi ta jefo masa zane. Ya zaɓi ɗaya ya biya, sauran kowa ya kama gabansa, ko sannu babu. Cikin shekara biyu abokan cinikina suka zube ɗaya bayan ɗaya. Mai kunya ya ce kasuwa ce ba daɗi, marar kunya ya nuna mini wayarsa ya ce ga zane hamsin an ba shi da rabin kuɗin da nake karɓa a kan guda. Da na ga hayar ofis na neman gagarata, ni ma na buɗe sunan bogi a shafin na bi sahu. Gasannin da na shiga sun fi sittin, huɗu na ci. A can ba a zama a yi dogon tunani, Anti. Duk wanda ya daɗe a ciki yana da tarin tsofaffin zane a kwamfutarsa, ya ɗauko ɗaya ya canja launi, ya karkata nan ya miƙe can, ya jefa. Wanda ya ce sabo zai yi wa kowace gasa, yunwa za ta kashe shi.

Wata huɗu da suka wuce, babban ɗan Kawu, wanda muke kira Manaja tun kafin ya zama manajan, ya ce a sabunta tambarin masana'anta, kuma gasa za a sa. Ba wanda ya gaya mini. Da idona na ci karo da sanarwar a shafin, har da hoton kwalbar da na zana, an rubuta a ƙasa wai ba sa son irin wannan tsohon yayin. Wallahi na zauna na sha kuka, daga kukan sai zuciya ta ɗebe ni, na ce bari in shiga in nuna musu. Saura kwana biyu a rufe gasar. Na buɗe tsofaffin aikina, idona ya faɗa kan wani tambari da na yi shekara shida baya, ganye guda da ɗigon ruwa a tsakiyarsa. Wani kamfanin wanki da guga na yi wa shi, suka biya ni, na sa hannu a takarda cewa ya zama nasu. Amma sun daɗe da rufe shagon, kullum ta nan nake wucewa, an cire allon, yanzu ma kujeru ake sayarwa a wurin. Na juya ganyen ya kalli dama, na mai da shi shuɗi, na zagaye shi da da'ira, na tura. Cikin zane ɗari biyu da talatin, nawa suka zaɓa.

Niyyata in je in faɗa musu ni ce, in yi musu dariya. Amma ranar da na je gidan Kawu, Manaja ya tare ni da wayarsa a gaban kowa, wai in zo in koyi aiki, ga abin da wani baƙo ya yi musu da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kawu dai ya kau da kai. Na yi murmushi na ce ya yi kyau. Na haɗiye maganar ina jin kaina wata mai wayo.

An buga kwali dubu arba'in. An buga takardun kwalba, an yi wa motocin rabon kaya biyu fenti, an ɗaga sabon allo a ƙofar masana'anta. Na fara shan jinin jikina ranar da na je maɗaba'a karɓar wani aiki, na tarar da kwalayen jibge har rufi. Mai maɗaba'ar dattijo ne, shekara goma yana buga aikina. Ina da wata ɗabi'a, duk fayil ɗin da zan miƙa sai na jera ƙananan akwatunan launi a gefen hagu, daga mai duhu zuwa mai haske, don kada mai bugawa ya yi kuskure. Hannu ya saba, ban ma san na yi haka a wannan ba. Dattijon ya zare tabarau ya dube ni, ya ce, "Wannan baƙon da ya ci gasa, a wurinki ya koyi aiki?" Na ce ban gane ba. Har na fita idonsa na kaina.

Kwana tara da suka wuce takardar lauya ta iso wa Kawu. Ashe kamfanin wankin bai mutu ba, wani babban kamfani ne ya saye shi da komai nasa, har tambarin, sun yi masa rajista, suna aiki da shi a wasu garuruwa. Wani ma'aikacinsu ya ga motar Kawu a hanya ya ɗauki hoto. Sun ba da kwana goma sha huɗu a janye duk kayan da ke ɗauke da tambarin daga kasuwa, in ba haka ba sai kotu. Manaja ya rubuta wa masu shafin, suka ce ba ruwansu, su haɗa mutane kawai suke yi, mai zanen ne ya tabbatar cewa aikin nasa ne kuma sabo ne, kuma za su ba da sunansa na gaskiya idan lauya ya nema a rubuce. Sunana na gaskiya yana wurinsu, da shi suka biya ni.

Shekaranjiya Kawu ya zo ofishina da kansa. Mutumin da gwiwa ke damunsa, ya hau matakalar nan yana hutawa bayan kowane taku uku. Ya zauna ya ba ni haƙuri. Anti, ni ya ba haƙuri, wai sun yi kuskure da suka bar ta gida suka bi wanda ba su sani ba. Sannan ya ce, "Ke kika san harkar nan. Ki gano mini wannan ɓarawon." Ya ce ranar Alhamis za su zauna da lauyansa, yana so in je in yi bayani a matsayin wadda ta san aikin. Na ce to. Har yanzu ban san da wane baki na ce to ɗin ba.

Kawu hawan jini gare shi. Mahaifiyata a gidan da ya ba ta take zaune, kullum a gabana take ja wa mai zanen Allah ya isa. Mutum goma sha takwas ke cin abinci a masana'antar. Wani lokaci in ce in goge sunan bogin in yi shiru, wataƙila abin ya bi iska. Wani lokaci in ce ai su suka fara wulaƙanta ni. Tsoro nake ji, da kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Me zan yi kafin Alhamis?

Taki,
Mai zane cikin fargaba

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Saboda ƙurewar lokaci na aika miki wannan amsa tun kafin a buga ta. Ba zan ɓoye miki ba, lamarin ya yi nauyi.

An ɓata miki, wannan gaskiya ne. Kawunki yana da damar kai aikinsa inda ya so, amma wadda ta yi shekara goma sha huɗu tana yi masa aiki ta cancanci a faɗa mata baki da baki, ba ta gani a shafi ba, kuma abin da Manaja ya yi miki a gaban mutane rashin tarbiyya ne. Ita kanta gasar, arhar da ke cikinta ta samu ne saboda ba wanda ake biya ya tsaya ya bincika ko zanen na wani ne. Masu kaya da ke karanta mu su lura da wannan, domin ranar da abu ya ɓaci, kayansu ne a kasuwa, ba na masu shafin ba.

Duk da haka, abin da kika sayar ba naki ba ne. Kin riga kin sayar da shi, kin sa hannu, sannan kika tabbatar wa Kawunki ta bayan fage cewa sabo ne. Fushi ne ya kai ki, na yarda, amma bai wanke ki ba, haka ma cewa wasu suna yi.

Kada ki goge sunan bogin. Bayananki suna wurinsu ko kin goge, kuma gogewar za ta sa kuskure ya yi kama da makirci. Kina tsoron masu shafin da mai maɗaba'a, amma akwai hanya ta uku da ba ki lura da ita ba. Ranar da babban kamfanin zai nuna cewa tambarin nasa ne, tsohuwar takardar nan zai fito da ita, kuma sa hannunki ne a ƙasanta. Saboda haka kada ki kuskura ki zauna gaban lauya ranar Alhamis kina taya su neman wani. Abin da ya faru a baya ana iya kiransa kuskure, wannan zaman kuwa ba wanda zai kira shi haka.

Yau ki gaya wa mijinki. Gobe da safe ki ga lauyan da ya san haƙƙin mallaka, naki na kanki, ki tafi da tsohuwar takardar da fayilolin duka biyu. Daga nan ki wuce wurin Kawu, a gida, lokacin da ya huta ya sha maganinsa, ba a gaban Manaja ba. Ki tafi da wani babba da yake jin nauyinsa. Ki fara da abin da kika yi, ki bar zancen abin da aka yi miki, ranarsa za ta zo. Kada ki je hannu rabbana: ki mayar da kuɗin gasar, ki zana sabon tambari na gaske wanda lauya zai bincika kafin a buga, ki kuma tambayi mai maɗaba'a ko za a iya liƙa sabuwar takarda a kan kwalayen maimakon a zubar da su. Gaskiyarki ce za ta nuna Kawu bai san komai ba, kuma da ita lauyansa zai nemi sulhu da ƙarin lokaci. Mahaifiyarki ma ta ji daga bakinki a ranar.

Ba zan yi miki alkawarin zai yafe ba. Yana iya daɗewa bai yi miki magana ba, Manaja zai faɗi abin da ya ga dama, wasu abokan ciniki za su ji labari su janye. Amma duk kwanan da kika ƙara cikin shiru, daga cikin kwanakin da aka ba Kawu ake cire shi. Abu ɗaya ya rage a hannunki, shi ne ki zama wadda za ta fara faɗa masa. Yau yana hannunki, jibi ban sani ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya zuciyar Kawu, ya tsare abincin mutanen da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Antinki