Jinin Baba da Limancin Unguwa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya zaman Abijan? Mu nan Filinge sai godiya, hatsi ya shiga rumbu.

Ga abin da na gani da idona. Tun da Baba ya fara rikita surori in yana jan sallah, mutanen unguwa suke raɗe-raɗin canza liman. Watan jiya na kai shi Yamai gwajin jini mai nuna lafiyar ƙwaƙwalwa. An ce ya zo bai ci komai ba, sai ya zaɓi Litinin, ranar azuminsa. Amma bai miƙa hannu ba sai da na kira na'ibinsa, Malam Idi, ya tabbatar masa ɗiban jini ba ya karya azumi.

Likita bai ga alamar ciwon mantuwa ba, ƙarancin bitamin B12 ya gani. Ya rubuta allurai, ya ce mu komo a sake dubawa. Baba ya ce, "Ashe kai lafiya, ciki ne ya ci amanata."

Jiya ya ja magariba babu kuskure. Ki sa shi a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Mamman Sani

Gyara ɗaya: ya tsaya sau ɗaya a raka'a ta biyu. Kafin Malam Idi ya buɗe baki, ya kamo ayar da kansa.