An Danne Ni Ranar Kwasata

Tanti Ache, ki taimaka mini da shawara kafin zuciya ta ɗebe ni.

Busasshen kifi nake sayarwa a nan Garwa. Akwai wani dandali na intanet da nake rubutu a kai, yana biyan mutum da kuɗin kirifto gwargwadon ƙuri'un da rubutunsa ya samu. Mu ƙanana ba mu ishi kowa kallo ba. Sai ƙawata Irène ta ce mu yi adashi, irin tontin ɗin da muka saba: kowane mako mu haɗu mu jefa wa mace ɗaya ƙuri'unmu. Ba wadda ban jefa wa ba, Tanti, har wadda hoton takalminta kawai ta ɗora.

Da kwasata ta zo, na rubuta yadda ake bandar kifi, da hotunan da na ɗauka ina hawayen hayaƙi. Sai wani mai ƙaton jari a dandalin, wanda ƙuri'arsa ɗaya ta fi tamu duka nauyi, ya jefa mini ƙuri'ar ƙi, ya danne rubutun. Ladan ya koma sifiri. Wai mu 'yan haɗin baki ne! Shi da abokansa ba sa zaɓen juna ne? Wallahi ba zan ba shi haƙuri ba, ba kuma inda za ni. Na ce wa matan mu bi rubutunsa mu danne, suka yi gum, tunda kowa ta kwashi nata. Shirun nan ya fi ci mini rai.

Wadda aka danne, unguwar Djamboutou

'Yata, kada ki ba shi haƙuri, kada kuma ki bar dandalin. Ya kamata ya karanta aikinki, ya yi magana kafin ya danna, bai yi ba. Amma ki ji gaskiya: a adashi kuɗinku kuke zubawa, a nan kuwa tukunyar ladan dandalin, ta kowa da kowa, kuke ɗiba. Ranar da kuka zaɓi takalmi kuka ba shi hujja.

Ki manta da ramuwa. Ƙuri'arku ba za ta girgiza shi ba, tasa kuwa za ta shafe ku. Ki rubuta a fili, da sunanki, ki faɗi yadda kuka yi da dalilinku, ki nemi ya nuna aibin rubutun kifin. Ku daina zaɓen juna bi da bi, ku zaɓi abin da kuka karanta.

Sannan ki tunkari Irène da sauran. Kowa ta ci da ƙuri'arki, sai kowa ta yanko miki daga nata. Idan sun ƙi, ba mai jarin nan ne kaɗai ya danne ki ba.

Allah ya huci zuciyarki, ya sa wa sana'arki albarka.

Tanti Ache